Keke Cikin Dare: Wace Hanya Ce Za Ta Dawo Da Kai Tamale Lafiya?

Tamale garin keke ne tun kafin babura da yalo-yalo su cika shi. Har gobe, in ka tsaya bakin titin Bolga da safe za ka ga ɗan makaranta da mahauci da baiwar Allah mai kwandon cefane, kowa yana murza feda a 'yar hanyar da aka ware musu gefen titi, irin wadda ba kowane gari ne ke da ita a Ghana ba. Dagombawa su ce cece, mu mu ce keke, abin dai ɗaya ne, jakin talaka da ba ya cin dusa.

Sai dai a 'yan shekarun nan wani sabon yayi ya shigo. Akwai samari a nan Sakasaka da Aboabo da Sabonjida da sauran unguwanni da ba kasuwa ko gona ke ɗora su kan keke ba, nisan kansa suke nema. Wanda ya je Savelugu ya dawo, gobe Yendi yake hange. Wanda ya taɓa Yendi, sai ka ji yana zancen Bolga. Ni ma ina cikinsu, ko da yake gwiwa ta fara tuna mini cewa na haura talatin. Kuma kusan dukkanmu dare muke bi, don dole. A watan Maris da Afrilu zafi a nan yakan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce, kuma wanda ya ce zai yi kilomita 100 cikin wannan rana da gorar ruwa biyu, gadon asibiti yake nema. Ga aiki: ni sai an tashi makaranta, wani sai ya rufe shago. Ga kuma azumi da shekarun nan yake faɗowa cikin zafi, ba ka da lokacin motsa jiki sai tsakanin asham da sahur.

Tsofaffin ɗalibaina da suka shiga wannan harka sukan tare ni da tambaya guda: "Ticha, wace hanya ce ta fi lafiya da dare?" Nakan ce musu tambayar ba ta cika ba. Titi ɗaya yakan zama titi uku a dare ɗaya. Yadda yake da ƙarfe tara daban, da ƙarfe biyu daban, da asuba kuma daban. Ranar kasuwa ba kamar sauran ranaku ba ne, farin wata ba kamar duhun wata ba. To, bari mu bi hanyoyin namu ɗaya bayan ɗaya, don kowace da halinta.

Kwaltar da ta fi kyau ita ta fi ci

Abin da kowane sabon shiga yake fara zaɓa shi ne babban titi, wanda hukuma ke kira N10. Ya taso daga Kumasi, ya bi ta Techiman da Kintampo, ya ratsa tsakiyar Tamale, ya wuce Savelugu da Walewale da Bolga har Paga a bakin iyakar Burkina Faso. Yana da faɗi, taya na gudu a kansa, ba ka ɓata. Amma dalilin da ya sa yake jan hankalinka shi ne yake jawo kowa. Ta nan tireloli da tankoki ke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa ta Tema zuwa Burkina da Mali da Nijar, ta nan suke dawowa da tumatir da albasa da shanu. Ta nan manyan bas-bas na Accra da Kumasi ke kwana suna gudu don su iso da safe. Direbobin nan ma zafin rana suke gudu kamar mu, saboda taya da inji. Wato lokacin da ka zaɓa don sanyi, shi suka zaɓa.

Tunda malamin makaranta ne ke magana, a yi haƙuri da ɗan lissafi. Doka ta yarda wa ƙaramar mota gudun kilomita 90 a awa a bayan gari. Wannan mita 25 ke nan a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gane cewa inuwar da ya hango mutum ce, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ta tafi, mita 25 zuwa 50 ke nan tun birkin bai fara ci ba. Wannan ga wanda idonsa biyu kuma yake bin doka. Yanzu ka ɗora tirela mai lodin siminti da direban da ya kwana biyu bai runtsa ba. Mafi munin lokaci kuwa shi ne sa'ar da mota biyu suka yi kiciɓis daidai inda kake: fitilar mai zuwa ta dallare idon wanda ke bayanka, a 'yan daƙiƙun nan ba ya ganin komai a gefen titi, kai kuwa a gefen kake. Ko bai taɓa ka ba, iskar doguwar mota tana tura keke waje sannan ta janyo shi ciki.

Wani zai ce ai akwai gefen titi, sai in lafe a can. Da rana ne yake gefen titi. Da dare wajen ajiya ne. Nan motar da ta lalace take kwana ba fitila, an jera mata ganye a baya. In an gyara ta ta tafi, ganyen da duwatsun da aka tare tayarta suna nan suna jiranka. Nan mutanen ƙauye ke shanya masara da barkono da ƙwarar kaɗanya, su kwashe da yamma su bar duwatsun da suka danne buhu. Ga tudun rage gudu da wasu ƙauyuka ke yi da kansu bayan mota ta kaɗe musu yaro, ba fenti ba alama.

Sannan akwai abin da ya fi rami. A watan Oktoba na 2024 'yan bindiga sun tare hanya kusa da Walewale suka kashe matafiya, abin da aka danganta da rikicin Bawku, kuma a Fabrairun 2025 gwamnati ta sa dokar hana fita a Walewale da kewaye daga shida na yamma zuwa shida na safe. Irin wannan doka ana sa ta, ana sassauta ta, ana sabunta ta, don haka duk mai shirin yin arewa ya fara jin labaran ranar kafin ya hura taya. Mutum a kan keke da ƙarfe ɗaya na dare a wurin da aka hana fita, ba ɗan wasan motsa jiki jami'in tsaro zai gani ba. Ni dai ra'ayina a fili yake: da dare, Savelugu ce iyaka ta wannan ɓangaren, wajen kilomita 25, kuma ko ita gara a je a dawo kafin dare ya raba. Mai son Bolga, wajen kilomita 160, ya raba tafiyar, ya yi abin da ya wuce Nasia da hasken rana.

Kudu ma haka. Bayan Yapei da Buipe, inda gadoji biyu suka haye Farar Volta da Baƙar Volta, garuruwa suna yin nisa da juna, daji ya yi yawa, kuma tsakanin Buipe da Kintampo ya daɗe da yin suna wajen 'yan fashi. A kan gada babu wajen kaucewa, in tirela ta biyo ka sai dai addu'a. Ba mu manta da haɗarin bas da motar tumatir kusa da Kintampo a Fabrairun 2016 ba, ko na bas biyu a Maris na 2019, kowanne ya ci rai fiye da 50, kuma da yawansu mutanen arewa ne. Titin da ke yi wa bas haka, me zai yi wa keke?

Abin takaici, ɗaya daga cikin titunan da suka fi daɗin keke a yankin nan a bayan wannan hanya yake. Titin Fufulso zuwa Sawla, kilomita 147, wanda aka gama a 2015 da kuɗin Bankin Raya Afirka, ya bi ta Busunu da Damongo da Larabanga, kuma motocinsa ba su kai na N10 yawa ba. Amma kafin ka kai mahaɗar Fufulso sai ka haye gadar Yapei. Dabara ita ce a ɗora keke a mota da rana zuwa Damongo, a huta, a fara daga can, kuma a tafi da yawa don daji ne sosai, ga gandun Mole a kusa. Babu abin kunya a ɗora keke a mota.

Hanyar da ta ƙare a bakin kogi

Ga ƙa'idar da na fi dogara da ita: ka nemi hanyar da ba ta kai doguwar mota ko'ina. Hanyar Nyankpala da Tolon in ka miƙe ta, a bakin kogi take tsayawa, Daboya na tsallake, kwalekwale ke haye da mutane. Hanyar Kumbungu ita ma ta gangara Dalun da Nawuni, inda ake jawo ruwan da Tamale ke sha daga kogin. Mai tirelar da ya nufi Wagadugu ba shi da abin yi a can. Ƙari a kan haka, yammacin Tamale ƙasa ce mai yawan ƙauyuka kusa da kusa, ba ka yin nisa ba ka ga gida ko masallaci ba, kuma a Nyankpala akwai reshen jami'ar UDS da cibiyar binciken noma ta SARI, don haka garin ba ya mutuwa da wuri. Ranar da gada ta haɗa Daboya da wannan gefen, lissafin zai sauya, amma yau haka yake.

Ba wai babu haɗari ba. Hanyar Kumbungu ta masu tifa ce, waɗanda ke kwaso yashin kogi zuwa wuraren gini a Tamale, kuma mai tifa sawu yake ƙirgawa, yawan zuwa da dawowa shi ne kuɗinsa. Suna sammako. Yashin da ke zubowa daga bayansu yana taruwa a kan kwana, kuma yashi a kan kwalta ya fi rami ka da mai keke. Ga babura marasa fitilar baya, ga moto-kin da aka yi wa lodi har fitilarsa ke kallon sama.

Yanzu ga abin da samari ba sa son ji. In kilomita 100 kake nema, ba sai ka je Yendi ba. Ka je Tolon ka dawo, ka juya ka je Kumbungu ka dawo, ka kusa cika ɗarin, kuma duk daren ba ka yi nisan kilomita 30 da asibitin koyarwa na Tamale ba. Ƙafa ba ta san sunan gari ba, nisa kawai ta sani. Na san matsalar: "na je Tolon na dawo" ba ya daɗin faɗa a majalisa kamar "jiya a Yendi na karya kumallo." Wannan kuma tsakanin mutum ne da zuciyarsa.

Ga wanda ya nace sai Yendi, kusan kilomita 100 ce ta Jimle da Sang. Tana yiwuwa, kuma tafiya ce mai daɗi in an shirya. Amma tsakanin garuruwan akwai tazara, lokacin doya manyan motoci na bin ta, garken shanu na tsallakawa ba sallama, kuma duk inda ake aikin titi akwai tulin tsakuwa da kwanar wucin gadi da ba ta nan makon jiya. Zuwa kawai ake yi da dare. Dawowa sai a mota, ko a kwana a huta. Hanyar Salaga ta ɗan fi ta tsawo, kuma ita ce ta fi tuna mini cewa wannan tambaya da muke yi, kakanninmu sun riga sun amsa ta.

Madugu, jagaba da zango

Mu da muke zaune a zango a Ghana, sunan unguwarmu kansa darasi ne na tafiya. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro, wata da watanni suke yi a hanya, ta Borgu da Sansanne Mango da Yendi kafin su sauka Salaga, har yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da sauran wurare. Ayarin nan ba ya tashi don kawai an ga hanya a miƙe. Akwai madugu mai yanke shawara da yin magana da sarakunan hanya. Akwai jagaba da ke gaba. Kuma tafiyar ba a auna ta da nisa, da zango ake auna ta: daga wannan ruwa zuwa wancan ruwa, daga inda aka san ka zuwa inda aka san ka. Kafin a tashi an san inda za a sauka.

Abin mamaki, Turawan da suka mai da tafiyar dare a keke wasa, kan wannan tsari suka dawo. A Faransa akwai tafiyar Paris zuwa Brest da dawowa, kilomita 1,200 cikin awa 90, wadda aka fara a 1891, yanzu kuma ake yi duk shekara huɗu. Ba a barin mutum ya shiga sai ya fara gama ta kilomita 200 da 300 da 400 da 600 a shekarar. Ba a barinsa ya tashi sai da fitila da riga mai walƙiya. Hanyar kuma ba manyan tituna ake bi ba, ta ƙananan garuruwa ake ratsawa, kuma an kafa tashoshi a kan hanya inda dole ka tsaya a buga maka hatimi a kati, ka ci abinci, in kana so ka ɗan kishingiɗa. Zango ke nan, sai dai da hatimi.

To, yaya ake kafa zango a hanyar Tolon ko ta Yendi? Da rana ake yi, kuma ba a kan waya ba. Kafin mu bi wata hanya da dare, mukan bi ta da rana tukuna, a keke ko a babur, da ɗan littafi a aljihu. Ina ramuka suke, a kilomita na nawa? Wace kwalbati ce bakinta ya zaizaye? Ina famfon burtsatse? Wane masallaci ne ke da baranda a bakin hanya? Wane mai shayi ne ke kaiwa sha biyun dare? Ina gidan mai faci, ba rumfarsa ba, gidansa, don da ƙarfe biyu rumfa a rufe take? Ina ƙaramin asibiti, ina shingen 'yan sanda, a ina sabis ɗin waya ke ɗaukewa? Taswirar Google za ta nuna maka layi mai shuɗi, ba za ta gaya maka cewa karnukan wancan ƙauyen suna bin taya ba.

Waɗanda suka fi kowa sanin waɗannan abubuwa ba su da rigar wasanni. Dattawan nan ne da ke shigowa gari tun duhu da buhun gawayi biyu a kariya, ko kejin zabi, ko itace, da masu gadi da ke zuwa aiki daga ƙauye da magariba su koma da safe. Shekara da shekaru suna bin titin nan a tsohon Phoenix, sun san kowane rami kamar ɗakinsu. Ka tsaya ka gaishe su, ka ce, "Baba, don Allah ina ne wurin da ya fi ba ka tsoro a hanyar nan?" Matambayi ba ya ɓata. Haka direbobin tasha, su ma ka tambaye su a ina ne mai keke ke ɓace musu. Wani dattijo mai kawo gawayi ne ya koya mini sauraron mota: in ƙarar da ke bayanka ba ta sauya ba, direban bai gan ka ba, don wanda ya gan ka dole ya ɗan sassauta ko ya karkata. In ba ta sauya ba, ka sauka ƙasa, kada ka tsaya jayayya da ƙarfe.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman, mu masu jin Hausa. A kasuwa da tasha da mahauta, Hausa tana kai ka ko'ina a arewacin Ghana. Amma ƙauye da ƙarfe biyun dare ba kasuwa ba ne. Can Dagbanci ake ji, in ka yi wajen Yapei Gwanjanci, in ka haye Nasia yaren Mamprusawa. Hausawa sun ce dare rigar mugu, kuma ba mu kaɗai muka san haka ba. Ƙauyen da aka sace wa shanu ko babur makon jiya, in ya ga baƙi uku da fitila a goshi sun tsaya bakin garke suna magana da harshen da ba na garin ba, ba zai fara da tambaya ba. Duk mun san yadda ihun ɓarawo ke ƙarewa. Maganin wannan shi ne ziyarar rana. Ka je ka gaida limami, ka gaida ɗan majalisar yankin ko wani dattijo, ka ce ga mu, ga abin da muke yi, daren kaza za mu wuce, in mun gaji za mu zauna a barandar masallaci. Ka karɓi lambar mutum ɗaya. Kuma wanda aka haifa a Tamale amma ya kasa cewa "aniwula" da dare ko "dasiba" da safe, ya kasa amsawa da "naa", to ya fara gyara wannan kafin ya sayi fitila. Katin ɗan ƙasa kuma ya kasance a aljihu, ba a gida ba. In kun iso shinge, ku rage fitila, ku yi sallama, ku faɗi inda za ku da lokacin da kuke sa ran dawowa. Jami'in da ya ga wucewarku shi ne zai fara lura in ba ku dawo ba.

Wata, kasuwa da yanayi

Muna da wata kalanda a hannu da 'yan keken Turai sai sun duba waya kafin su sani. Daren 13 da 14 da 15 ga watan Musulunci, wata yana fitowa wajen faɗuwar rana ya kwana a sama har asuba. A irin wannan dare kana ganin saniya a kan titi tun daga nesa, ba sai fitila ta kai kanta ba. A makon farko kuwa wata na faɗuwa kafin dare ya raba, ya bar ka cikin duhu daidai lokacin da ka yi nisa. Daga 21 zuwa sama sai tsakar dare ko bayanta yake fitowa, don haka ya fi dacewa da mai tashi ƙarfe uku. Doguwar tafiya dai a ajiye ta sai tsakiyar wata.

Kasuwannin Dagbon kuma duk kwana shida suke zagayowa, don haka ranar kasuwar Tolon ko Kumbungu ko Savelugu ba ta tsayawa a rana ɗaya ta mako, sai an tambaya. Daren da kasuwa ta tashi shi ne mafi muni a hanyar garin: motocin kasuwa da moto-kin cike da mutane da awaki, kowa ya gaji, wasu sun sha. Amma asubahin ranar kasuwa abokin tafiya ba ya yankewa, kuma direbobi sun san akwai masu keke a hanya.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin dare na da daɗin feda, amma ƙura tana cinye hasken fitila, naka da na direba, ga hayaƙin ƙonan daji da kan rufe titi gaba ɗaya. Farkon damina hadari da dare yake tasowa da iska mai karya reshe. A watan Agusta da Satumba, in an buɗe madatsar Bagre a Burkina, Farar Volta tana cika ta malala, kuma hanyoyin nan da na yaba don sun ƙare a bakin kogi su ne ke fara shan ruwa ta can ƙasa. Kuma a kowane lokaci, in za ka sauka gefen hanya don wani uzuri, ka haska ƙasa tukuna. Kububuwa da dare take yawo, kuma ƙasarmu tana da ita.

Kayan aiki ba zan daɗe a kansu ba. Farar fitila a gaba, ja a baya, kuma jar ta zama biyu don ɗaya tana mutuwa ba ka sani ba. Hular kwano. Tib biyu, faci, famfo, da abin gyaran kaca. Abu ɗaya da mutane ba su cika sani ba: binciken da aka yi a Ostireliya ya nuna cewa ƙyalle mai walƙiya a idon sawu da gwiwa yana sa direba ya gane mai keke fiye da riga mai walƙiya ita kaɗai, saboda ƙafa tana juyawa, ido kuma nan take yake gane motsin ɗan Adam. Ƙyallen nan ba shi da tsada. A bi hannun dama tare da motoci, kamar yadda ƙasar nan ke yi tun 1974. Ɗabi'ar nan tamu ta Tamale ta bin hannun da ya fi kusa, da dare ruɗa direba take yi. A cire abin jin waƙa daga kunne, don kunne ne madubinka. A sauke taswira a waya tun a gida, a kunna wa wani na gida alamar inda kake ta WhatsApp, wadda ke iya kai awa takwas, a riƙe lamba 112. Kuma kada a gaza mutum uku: in ɗaya ya faɗi, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako.

Sauran barci. Tsakanin ƙarfe biyu da huɗu jiki yana neman haƙƙinsa, ko ka ci goro ko ka sha ataya. In ka ga layin titi ya fara rabuwa biyu, ko ka kasa tuna ƙauyen da ka wuce yanzu, zango na gaba naka ne, minti 20 a barandar masallaci ya wadatar.

Lokacin da na fi tsoro kuwa ba tsakar dare ba ne, jijjifi ne. Mike Hall, ɗan Ingila, yana cikin gwanayen doguwar tafiyar keke na duniya, shi ne ya kafa tseren ratsa nahiyar Turai a 2013. A ranar 31 ga Maris, 2017, yana cikin tseren ratsa Ostireliya mai kilomita 5,500, ya kusa kammalawa, mota ta buge shi a babban titi kusa da Canberra da sassafe kafin rana ta fito. Shekararsa 35. A wannan sa'a sama ta fara haske amma ƙasa da sauran duhu, fitilarka ta daina fice, direban da ya kwana a hanya yana ganin ya iso, wanda ya fito yanzu bai gama farkawa ba, kai kuma gajiya ta sa kana ganin gida kawai. A Tamale ga ƙari: lokacin ne bas-bas na kudu ke shigowa, tifa ke fita, yalo-yalo ke fara neman fasinja, kuma 'yar hanyar keken da muke alfahari da ita ta cika da babura da teburan masu sayarwa.

Shi ya sa in mun taso daga Tolon ba ma zarcewa gari. A Nyankpala muke tsayawa mu yi asuba, mu jingine kekuna, mu jira mai koko da ƙosai ta hura wuta. Sai gari ya waye har kana iya gane launin rigar mutum daga nesa, sannan mu bi sahun masu gawayi mu shigo, a yi wanka a kama hanyar makaranta.